Yadda A Ke Zaɓen Taransista Wajen Haɗa Amfilifaya

A yau babu wani taro da a ke yi a ƙasar nan, na wa'azi ne, ko na biki, ko na siyasa, wanda ba a kafa lasifika a cikinsa. A bayan kowace lasifika kuwa akwai akwatin nan da a ke kira amfilifaya, watau na'urar da ke karɓar 'yar ƙaramar muryar da ta fito daga makirufo ta ƙara mata ƙarfi har ta cika fili. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna samarinmu ne ke haɗa su da hannuwansu a rumfunan gyaran rediyo, kuma wannan abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai duk wanda ya san sana'ar ya san kukan da masu saye su ke yi: an kunna, ta yi daɗi mako ɗaya ko biyu, ran da a ke tsakiyar taro sai a ji wani gunji, hayaƙi ya tashi, sa'an nan a ji tsit. In an buɗe akwatin, galibi manyan taransistocin nan na ƙarshe ne suka mutu.

Hasarar ba ta tsayawa nan. Taransista in za ta mutu, yawanci ƙafafunta ne ke haɗewa ta ciki, sai ta zama kamar guntun waya, ta tura wutar akwatin gaba ɗaya cikin lasifika. Lasifikar da aka rubuta wa om 8, in aka auna naɗin wayarta da mita, wajen om 6 a kan samu. Bolt 45 a kan om 6 ya haura wat 300 na zafi tsantsa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi naɗin ya ƙone. Ke nan taransistar 'yan kuɗi kaɗan ta ja lasifikar da ta ninka ta tsada sau da yawa, ta kuma ja sunan wanda ya haɗa akwatin.

Babban abin da ke jawo wannan shi ne yadda a ke zaɓe. Mutum zai je kanti ya ce a ba shi “mai wat 150”, ya ɗauka cewa guda biyu za su ba shi sautin wat 300. Alhali kuwa wannan lamba ba ta faɗin ƙarfin sautin da taransista za ta bayar. Abin da ta ke faɗi shi ne iyakar zafin da za ta iya jurewa, shi ma bisa wani sharaɗin da ba a samunsa a cikin akwatin kowa.

Asalin lambobin

A watan Disamba na 1947 ne John Bardeen da Walter Brattain, a ƙarƙashin jagorancin William Shockley, suka ƙago taransista a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, aka kuma ba su ukun lambar Nobel a 1956. Taransistocin farko da jamaniyom aka yi su, wanda ba ya jure zafin da ya wuce digiri 90 ko kusa da haka. Tsofaffin masu gyara ba za su manta da AC127 da AC128, ko AD161 da AD162 ba. Daga baya silikon ya ture jamaniyom, domin shi yana kai digiri 150, wani ma 200.

Lambar da ke jikin taransista tana faɗin tsarin ƙasar da ta yi mata rajista. In ta fara da 2N, tsarin Amurka ne. In ta fara da haruffa biyu irin su AC ko BD, tsarin Turai ne: harafin farko A na nufin jamaniyom, B na nufin silikon, na biyu kuma C ƙarama ce ta sauti, D babba. In ta fara da 2S, ta Japan ce: 2SA da 2SB nau'in PNP ne, 2SC da 2SD nau'in NPN. Mutanen Japan sukan jefar da 2S ɗin wajen bugawa, shi ya sa a kasuwa a ke cewa C5200 da A1943, alhali cikakken sunansu 2SC5200 da 2SA1943. A lura kuma da jerin ƙafafu, domin ya kan saɓa. In ka fuskanci rubutun, ƙafafu na kallon ƙasa, BC547 jerinta daga hagu C, B, E ne. 2N5551 kuwa E, B, C. Ita 2SC945 E, C, B. Girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya, amma wanda ya cire ɗaya ya dasa ɗaya ba tare da ya karkata ƙafafun ba, ya ɓata aikinsa tun kafin ya kunna.

Lissafi kafin saye

Lantarki abu biyu a ke aunawa a cikinsa: matsi, wanda a ke ƙirgawa da bolt, da kuma kwarara, wadda a ke ƙirgawa da amfiya. In aka riɓanya su da juna, a sami wat. To, bari mu ɗauki amfilifaya mai ba da wat 100 ga lasifika mai om 8, wadda ita ce aka fi haɗawa. Kafin a sami wannan, tilas matsin da ke isa lasifika ya riƙa kai bolt 40 a ƙololuwarsa, kwarara kuma amfiya 5. Da ya ke wasu 'yan bolt suna salwanta a hanya, a kan ba akwatin wuta layi biyu, bolt 45 a sama, bolt 45 a ƙasa.

Taransistocin ƙarshe karɓa-karɓa su ke yi. NPN ta tura rabin igiyar sauti, PNP ta ja ɗaya rabin. Sa'ad da ɗaya ta ja fitar sautin har kusa da layinta, wadda ke hutawa ita ce ke ɗauke da matsin layin biyu gaba ɗaya, watau kusan bolt 90. Sa'ad da akwatin ba ya aiki sosai, layukan kan hau zuwa 50. In kuwa wutar gari ko ta janareta ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, sun kai 55, jimla 110 ke nan. Saboda haka lambar farko da za a nema a takardar bayanin da kamfani ya buga ita ce wadda a ke rubutawa VCEO, kuma a irin wannan akwati kada ta gaza 140.

Nan ne 2N3055 ta ke faɗuwa, duk da farin jininta. Kamfanin RCA ne ya fito da ita a farkon shekarun 1960, cikin kwanon ƙarfe mai ƙusa biyu, kuma da wuya a sami babbar taransistar da aka sayar kamarta a duniya. Tana ɗaukar amfiya 15 da wat 115, amma matsinta bolt 60 ne kacal. Iyakarta layi biyu na bolt 25 zuwa 28, waɗanda za su ba da wat 30 zuwa 40 a om 8. A wannan matsayi, ita da abokiyarta MJ2955 suna da amfani har gobe. Wanda ya ɗora ta a kan bolt 45 kuwa, in ta yi kwanaki tana aiki, sa'a ce kurum ya taka. Akwai kuma wani abu game da ita da ya kamata masu gyaran tsofaffin kaya su sani. A shekarun 1970 aka sauya hanyar ƙera ta. Ta da tana da nawa amma tana da juriya. Ta yanzu ta fi sauri, juriyarta kuma ta ragu. In aka sa sabuwa a tsohon akwati, wani lokaci ta kan kama wani kaɗawa mai sirin da kunne ba ya ji, ta yi ta zafi ba gaira ba dalili har ta mutu.

Ita kuwa 2SC5200 ta kamfanin Toshiba, da abokiyarta 2SA1943, bolt 230 su ke ɗauka, amfiya 15, wat 150. MJ15003 da MJ15004 bolt 140 ne, amfiya 20, wat 250. MJL21194 da MJL21193 bolt 250, amfiya 16, wat 200. Dukkansu sun tsallake wannan jarrabawa ta farko.

Zafi

Sharaɗin da muka ambata a baya ga shi: wat 150 ɗin nan sai in jikin taransistar yana kan digiri 25, bai ƙaru ba ko kaɗan. Wannan kuwa a ɗakin gwaji kaɗai a ke samunsa. Ƙwayar silikon da ke cikin 2SC5200 iyakarta digiri 150, saboda haka duk digiri ɗaya da jikinta ya ƙaru a kan 25, ƙarfinta yana raguwa da wat 1.2. In jikin ya kai digiri 80, abin da ya rage wat 84 ne. In ya kai 100, saura 60. Mai karatu ya tuna cewa a Sakkwato da Maiduguri, a watan Afrilu, iskar gari kanta tana wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da aka ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano. Zanen da aka yi shi domin ɗaki mai sanyi a Ingila ko Jamus, in aka kwafe shi yadda ya ke, lalle ya zo nan da ƙarancin numfashi.

Nawa ne zafin da akwatin namu zai haifar? A layi biyu na bolt 45 da lasifika mai om 8, mafi munin hali wajen wat 51 ne, watau kusan 26 ga kowace taransista. Abin mamaki, ba a ƙarshen murɗa sauti a ke kai wannan ba. A wajen kashi 40 cikin 100 na cikakken ƙarfi ne taransistoci suka fi shan wuya, daidai inda yawancin masu kiɗa ke barin abinsu yini guda. In aka jona lasifika biyu a kafaɗa ɗaya, om ya sauko 4, kwarara ta hau amfiya 10, zafi ya ninka ya haura wat 100. Ga shi kuwa mai haya ba ya tambayar kowa kafin ya ƙara ta uku.

Don haka farantin alminiyon nan mai haƙarƙari da a ke ɗaure taransistoci a kai, shi ma wani ɓangare ne na zaɓen. A sa babba, haƙarƙarinsa a tsaye yadda iska za ta bi ta hau, a ƙara fanka in akwatin na haya ne. Tsakanin taransista da faranti a sa ɗan fallen nan mai hana wuta wucewa, a shafa farin man nan siriri ƙwarai, domin in ya yi kauri tare zafi ya ke yi. Har ila yau, taransista in ta yi zafi, matsin da ta ke bukata kafin ta buɗe yana raguwa da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na bolt a kowane digiri. Sai ta ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, ta sake ƙara ja, har ta hallaka kanta. Maganin wannan ita ce 'yar taransistar nan mai daidaita wutar zaman banza, galibi BD139, wadda tilas a ɗaure ta a jikin farantin tare da manyan, ta ji abin da su ke ji. Sau da yawa a kan tarar an bar ta tsaye a kan allo, can nesa, tana shan iska.

Inda gizo ke saƙa

Duk lissafin da ya gabata mun yi shi ne kamar lasifika rasista ce kurum. Ba haka ta ke ba. Naɗin waya ce a cikin maganaɗisu, da takarda mai kai da komo, kuma saboda haka kwarara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi. Wani lokaci ta makara, wani lokaci ta riga shi. Om ɗin ma da aka rubuta mata ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirinsa.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Da rasista ce mai om 4, sa'ad da matsin fita ya sauko sifiri, kwarara ma sifiri ce, taransista ta huta. Mafi yawan abin da za ta ɗauka a ƙiftawar ido bai wuce wat 127 ba. Amma in kwarara ta makara da kashi ɗaya cikin takwas na zagayen igiyar, wanda abu ne da lasifikokin gaske ke yi, to, a daidai lokacin da fita ke kan sifiri akwai amfiya 7 da ke ratsa taransistar, ga kuma bolt 45 cur a kanta. Wat 315 ke nan, a kan 'yar ƙwayar da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ɗan lokaci ne ƙanƙane, gaskiya, amma yana dawowa sau da dama a kowace daƙiƙa muddin ganga na bugawa.

Daɗin daɗawa, in matsi ya yi yawa, wuta ba ta bazuwa daidai a kan ƙwayar. Ta kan taru wuri ɗaya, wurin ya fi sauran zafi, ya ƙara jawo wuta, nan take ya narke ya huje, ko da farantin alminiyo na da sanyi a hannu. Wannan shi ya sa a kan ji mai gyara na rantsuwa cewa akwatin bai yi zafi ba sa'ad da ya mutu, kuma gaskiya ya faɗa. Kamfanoni na buga wani zane a takardar kowace babbar taransista, mai nuna iyakar amfiyar da za ta ɗauka a kowane matsi. Haruffa uku ne a kansa, SOA, ma'anarsu filin aiki cikin aminci. A duba MJ15003: a bolt 50 an lamunce mata amfiya 5 na tsawon daƙiƙa ɗaya, watau wat 250 ɗinta cif. A bolt 100 kuwa amfiya 1 tak, wat 100 ke nan. Fiye da rabin ƙarfin ya tafi, alhali ba a ko kusanci bolt 140 da aka rubuta mata ba. A ganinmu wannan zane ya fi duk sauran lambobin takardar muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Hanyar fita ita ce a raba kayan. A layi biyu na bolt 45, tagwaye ɗaya na 2SC5200 da 2SA1943 sun isa om 8 a cikin gida. In za a sauka om 4, a sa tagwaye biyu. In na haya ne, uku ba ɓarna ba ce. Kowace taransista a ba ta rasistarta a ƙafar E, mai om 0.22 ko 0.33, wat 5, domin in babu su, wadda ta fi zafi za ta kwashe aikin duka ta mutu, sa'an nan sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙananan da ke gaba

Manyan ba su kaɗai ke aiki ba. Ribar taransista, wadda a ke rubutawa hFE, tana faɗuwa in kwarara ta yi yawa. Toshiba ta lamunce wa 2SC5200 riba 35 kurum a amfiya 7, ke nan mai tura ta sai ta ba da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya, tana kuma ɗauke da matsi iri ɗaya da na babbar. BD139 da BD140 bolt 80 ne, ba su isa layi biyu na 45 ba, ko da ya ke a kan gan su a wannan gurbi. TIP41C da TIP42C bolt 100 ne, a bakin gaɓa su ke. MJE15032 da MJE15033, masu bolt 250, su suka dace. Wadda ke gabansu, mai faɗaɗa matsi, ita ma tana lilo daga layi zuwa layi, sai a ba ta MJE340 ko MJE350 masu bolt 300, ko KSC3503 da KSA1381 in ana son sauti mai tsabta. A ƙofar shiga kuma, inda a ke sa ƙanana biyu suna fuskantar juna, a auna ribarsu da mita a zaɓi masu kusanci, in ba haka ba za a sami ɗan matsi tsaye a bakin lasifika. BC547 bolt 45 ce, ta yi kaɗan a nan. BC546 mai 65 ko 2N5551 mai 160 sun fi.

Akwai masu son MOSFET a ƙarshe, kuma suna da hujja, domin ba ta cika yin wannan huji na farat ɗaya ba. Sai dai iri biyu ce. Irin da Hitachi ya fito da shi domin sauti a ƙarshen shekarun 1970, wanda 2SK1058 da 2SJ162 suka gada, in ya yi zafi rage jan wuta ya ke yi da kansa. IRFP240 da IRFP9240 kuwa domin kunnawa da kashewa aka yi su, suna bukatar mai daidaita zafi kamar sauran. Ba a musanya wannan da wancan a zane ɗaya.

Jabu

Ko an yi duk wannan lissafi daidai, saura tambaya ɗaya: abin da ke cikin baƙar robar, shi ne abin da aka rubuta a bayanta? Taransistocin da aka fi nema su aka fi yi wa jabu, a duk duniya. A kan ɗauki 'yar ƙwayar da ta dace da amfiya 3 ko 4, a rufe ta cikin babban jiki, a buga mata C5200. Mita ba ta tona wannan asiri, domin wutar da ta ke gwaji da ita ba ta taka kara ta karya ba. Za ta nuna NPN ce lafiyayya. Kallon kitse a ke yi wa rogo, sai an ɗora mata kaya a gane.

Akwai alamu. In farashi ya faɗi ƙasa da na amintattun dillalai da nisa, araha ba ta ado. In rubutun ya goge da ɗan man goge fenti, ko fuskar ta nuna an kankare ta an sake bugawa, a ajiye. Toshiba na kasa 2SC5200 aji biyu: R mai riba 55 zuwa 110, da O mai 80 zuwa 160; wadda ta nuna abin da ya zarce haka da nisa abar tuhuma ce. Haka kuma 2SC3281 da 2SA1302, kamfanin ya daɗe da daina yin su, saboda haka ganinsu sababbi fil cikin kwali da sunan Toshiba ya isa gargaɗi. Wanda ke son irinsu ya nemi MJL3281A da MJL1302A na kamfanin onsemi, ko TTC5200 da TTA1943 waɗanda Toshiba ta fitar daga baya.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a sayi ɗaya fiye da bukata, a matse ta a bakin maƙata ko a sa guduma a fasa robar. A ajiye ta kusa da wata matacciya da aka ciro daga tsohon akwatin kamfani, ita ma a fashe. In ƙwayar sabuwar ba ta kai rabin ta tsohuwar ba, ko aka ga an lulluɓe ta da wani farin danƙo, a mai da sauran tun ba a sa musu dalma ba. Ran da za a fara kunna akwatin kuma, kada a jona lasifika. A sa ƙwan lantarki irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar wutar gari. In ƙwan ya haska ya dushe, a auna bakin fita a ga ko yana kusa da sifiri. In ya tsaya da haske, a kashe a koma bincike.